Kiran Farkawa a Kiɗan Max Reger

A shekarar 1597 annoba ta auka wa garin Unna na ƙasar Jamus, ta kashe fiye da mutum 1000. Limamin majami'ar garin, Philipp Nicolai, wanda ya ga ana binne mabiyansa kullum, ya wallafa waƙar addu'a mai suna «Wachet auf» a 1599. Jigonta misalin budurwai goma ne na Linjilar Matiyu, sura 25, inda ake shelar zuwan ango da tsakar dare. Waƙa ce ta tashin matattu, wadda aka haifa a bakin kabari.

Bayan ƙarni uku, a 1900, Max Reger (1873–1916) ya gina kiɗa a kanta a garin Weiden, domin ogan, babban kayan kiɗan majami'a mai bututu da ake kaɗawa da hannu da ƙafa. Reger ɗan Katolika ne, waƙar kuwa ta mabiya Luther ce, amma wannan bai hana shi rungumarta ba. Abokinsa Karl Straube ne ya fara kaɗa aikin a 1901.

Kiɗan yana buɗewa da sauti mai zurfi, ƙasa-ƙasa, kamar maƙabarta cikin duhu, sai ƙara ta ɓarke ta kuma lafa. Daga nan karin waƙar ke shigowa a hankali, tamkar kira daga nesa. Reger ya rubuta kalmomin baitocin a jikin alamun kiɗan, don makaɗi ya san abin da kowane sauti ke ɗauke da shi, ko da yake babu mai rerawa. Baiti na biyu yana ƙarewa cikin natsuwa. Sannan fuga ta zo, wato salon da murya ke bin murya da jigo guda, har karin baiti na uku ya shigo da ƙarfi ta bututun da ƙafa ke sarrafawa.

An daɗe ana zargin Reger da cunkoson sauti, kuma zargin yana da tushe. Nicolai ya yi waƙar da kowane mai makoki zai iya rerawa. Reger ya mayar da ita aikin da sai gwani ke iya taɓawa, jama'a kuwa suka koma ƴan saurare. A tsakiyar fugar, yawan muryoyi kan rufe karin idan majami'ar tana da amsa-kuwwa.

Duk da haka, aikin ya ci nasara a wuri mafi muhimmanci. Bach, a waƙarsa ta majami'a ta 1731 a kan wannan kari, ya fara ne da tafiyar biki. Reger ya fara da kabari, ya sa mai saurare ya daɗe cikin duhu kafin haske ya zo. Ta haka ya maido wa waƙar tsoron da ta fito daga cikinsa, wanda yawan rerawa ya sa aka manta. Wanda ya san labarin Unna zai fahimci dalilin wannan dogon jira.