Farin ganye da bazarar Pitowa

Furen roba ya fara barin falukanmu, kuma ban yi kewarsa ba. Shekara da shekaru shi ne sarkin ado a ɗakin amarya, daga Pitowa har cikin Garwa: a kan talabijin, a saman kabad ɗin jere, ja da ruwan ɗorawa, yana shan ƙura har ya koɗe, ranar jajiberin salla a wanke shi a mayar. Yanzu kuwa in ka leƙa gidan sababbin ma'aurata, ko shagon tela, ko wurin masu kitso da lalle, sai ka tarar da shuka mai rai ta zubo da rassa daga saman kanta. Galibi potos ce, yaɗon nan mai ganye siffar zuciya, kore da roɗi-roɗin ɗorawa ko fari. Na yi murna da wannan sauyi. Inda muka raba hanya da yayin shi ne wajen zaɓe. Kowa farin ganye yake nema, wanda ya fi fari shi ya fi tsada, kuma shi ne ya fi saurin mutuwa a irin ɗakunanmu.

Dalilin yana jikin ganyen. Koren da ke cikinsa shi ke sarrafa haske ya zama abincin shukar, inda kuwa ya yi fari babu wannan sinadari, ci kawai wurin yake yi ba ya nema. Potos ta asali, mai ɗigon ɗorawa a kan kore, tana da isasshen kore da zai riƙe ta ko a ɗaki mai ɗan duhu. Irin da ake kira Marble Queen, wadda wani ganyenta fiye da rabinsa fari ne, da ƙyar take ciyar da kanta, shi ya sa take jan jiki wajen girma, kuma take neman haske fiye da 'yar'uwarta. Ga kuma tarkon: farin nan shi ne farkon ƙonewa in rana ta taɓa shi kai tsaye. Tana son haske mai yawa, ba ta son rana. A Duwala ko Yawunde, inda gajimare ke tace rana kuma iska ke ɗauke da danshi, samun irin wannan wuri ba wuya. A nan fa?

A nan ɗakinmu an gina shi ne don gudun rana. Taga ƙarama, labule mai kauri, ƙofa a rufe saboda ƙura da ƙuda. Ciki duhu, waje wuta. Daga Maris zuwa Afrilu zafi kan haura digiri 40 a kwarin Binuwai, rufin kwano kuma ya ƙara nasa, in an ɗauke wuta fanka ta tsaya ɗakin ya koma tanda. Shukar da muke rataya a wannan ɗaki asalinta tsibirin Mo'orea ne, kusa da Tahiti, can tsakiyar tekun Fasifik, inda take hawa bishiyoyi a inuwar kurmi, ganyenta ya yi faɗin da wanda ya san ta a tukunya kawai ba zai gane ta ba. Zafin da take jin daɗinsa bai cika wuce digiri 30 ba. Juriyarta ce ta sa ta zaga duniya, har ta zama annoba a dazuzzukan Siri Lanka da Hawayi inda ta kuɓuce daga lambu. Amma mai wannan juriyar koriyar ce. Farar ba ta gaji ko rabinta ba.

Akwai wata tela a unguwarmu da ta sayo farar tas a bakin titi a Garwa cikin watan Disamba, ta ɗora a saman kabad ɗin zare, nesa da ƙofa. Kafin zafin bazara ya kankama, sababbin ganyen da suka fito duk kore ne, ƙanana, tsakanin ganye da ganye kuma tazara ta yi tsawo. Ta ce an yi mata algus. Ta fitar da ita baranda don ta sha rana, kwana kaɗan fararen ganyen suka yi tabo ruwan ƙasa, suka bushe ƙamas kamar an gasa. Na ji tana gaya wa tsohuwar gidan, "Gwaggo, kuɗina fa suka tafi a banza." Tsohuwar ta ɗaga tukunyar ta duba gindinta, ta ce, "'Yar nan, ke ko huda ba ki yi mata ba, ta ina ruwan zai fita?" Mai sayarwa bai cuce ta ba. Shukar da ta rasa haske takan koma kore don ta tsira, wannan ɗabi'arta ce. Abin da bai yi ba shi ne tambayarta ina za ta ajiye, ita ma ba ta tambaya ba, don a waya ta ga hoton, kuma hoto ba ya nuna watan da aka ɗauke shi balle garin.

Wannan kwaɗayin fari ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Lokacin kullen korona, a 2020 da 2021, mutanen Turai da Amurka da Asiya da aka tsare a gida suka afka wa shuke-shuken ɗaki, Instagram ya hura wutar, farashin masu roɗi-roɗi ya haukace. A watan Yunin 2021 an yi gwanjon wata 'yar shuka mai ganye takwas, dangin potos ce, a ƙasar New Zealand, ta tashi a kan dalar ƙasar 27,100. Daga baya masu renon dashe a ɗakunan gwaje-gwaje suka riƙa hayayyafa irin waɗannan dubbai-dubbai, farashin da yawansu ya faɗi warwas. Mu sai yanzu guguwar take iso mana, bayan ta lafa a inda ta taso. Tukwanen da ake ɗorowa daga kudu sukan sha doguwar hanya ta Ngaundere, su gangaro daga sanyin tudun Adamawa zuwa zafin Garwa cikin yini guda, wasu tun a mota suka fara galabaita. Mai saye kallon kitse yake wa rogo.

Sai batun ban ruwa, wanda shi ke kashe mafi yawansu, fari da kore duka. Bidiyon da ake yaɗawa yakan ce sau ɗaya a mako. Makon wa? A Afrilu ƙaramar tukunya takan bushe cikin kwana biyu ko uku, a Agusta kuwa, ruwa na sauka iska ta yi nauyi, tana iya wuce mako da danshinta. Ma'aunin yana hannunka: tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in ka ji sanyi da laima ka ƙyale ta, in ka ji bushewa ka zuba har ruwa ya fito ta ƙasa, ka zubar da wanda ya taru a faranti. Mutanenmu masu tausayi ne, da sun ga ganye ya langaɓe da rana sai su ƙara ruwa, alhali sau da yawa saiwar ce ta riga ta ruɓe saboda yawansa, ba ta iya sha. Ganyen ƙasa ya yi ɗorawa, gindin kara ya yi baƙi ya yi laushi, ƙasar tana tsami: wannan nutsewa ce, ba ƙishirwa ba. Ruwan alwala ba laifi, iyayenmu da shi suka raya lalle da zogale a tsakar gida. Ruwan wanki mai sabulu ne bai kamata ya kusance ta ba.

Ƙasar ma haka. Baƙar lakar fadamar Binuwai, wadda Fulani ke kira karal, ita ce ke riƙe ruwa ta ciyar da masakwa har rani ba tare da ɗigon sama ba, kuma wannan halin nata ne ya sa ba ta dace da tukunya ba. In ta jiƙe ta shaƙe saiwa, in ta bushe ta tsage ta zama dutse. Abin da potos ke so duk muna da shi a araha: yashin rafi, takin shanu da ya ruɓe sarai har ya daina wari, buntun shinkafa ko dakakken ɓawon gyaɗa, da ɗan gutsattsarin gawayi. A cakuɗa yadda in ka dunƙula a hannu ka saki zai warwatse. Ban ga dalilin sayen ƙasar leda da aka yo odarta ba. Tukunyar yumɓu ta maginanmu, irin da ake kasawa a kasuwar Lahadi ta Pitowa, ta fi robar fenti da tangaran mai ƙyalli, domin tana numfashi tana sanyaya saiwa, sai dai a huda gindinta kuma a san za ta fi saurin bushewa. Wurin da na ga potos ta fi walwala a gidajenmu shi ne kusa da randa, a inuwar baranda ko dab da tagar gabas, inda hasken safe ke shiga kafin rana ta yi ƙarfi, zufar randar kuma tana ɗan jiƙa iskar wurin. Da hunturu sai an riƙa share ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, ciki da baya, don ƙurar tana toshe haske, kuma a busasshiyar iskar nan ne ƙananan ƙwari ke samun gindin zama a bayan ganye.

Abubuwa biyu ake faɗa wajen talla da nake so a daina. Na farko wai tana tace iskar ɗaki. Maganar ta samo asali daga gwajin da hukumar NASA ta Amurka ta wallafa a 1989, wanda aka yi cikin ƙananan akwatuna rufaffu ruf. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel suka sake bin irin waɗannan gwaje-gwaje, suka ce kafin shuka ta yi aikin da musayar iska ta yau da kullum ke yi a gini, sai an jera tsakanin 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita. Buɗe taga ya fi. Na biyu wai tana jawo kuɗi, camfin da ya biyo ta daga Indiya da maƙwabtanta. Wanda dai na ga ta jawo wa kuɗi shi ne mai sayar da ita.

Abin da ya kamata a faɗa kuma ba a faɗa shi ne tana da ƙaiƙayi. Danginsu ɗaya da gwaza, kuma duk wanda ya taɓa kuskuren ɗanɗana ɗanyen gwaza ya san yadda yake yi wa harshe da maƙogwaro. Irin ƙananan alluran da ke jawo wannan ƙaiƙayi a gwaza su ne a ganyen potos. Gidan da ke da mai rarrafe, ko kyanwa, ko ɗan akuya mai shiga ɗaki, a rataye ta sama, a kuma datse reshen da ya sauko. Masu ajiye ta a kwalbar ruwa kuma su tuna sauron da ke kawo shawara da zazzaɓin dengi a irin wannan tsaftataccen ruwa mai zama yake ƙyanƙyasa, kuma kusan mako guda ya ishe shi ya tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike. A riƙa sauya ruwan duk bayan kwana uku ko huɗu, a cuɗe cikin kwalbar.

Wasu dattawa na cewa duk wannan bidi'ar 'yan boko ce, baƙuwar shuka da ba a ci ba a sha. Ban bi su ba. Darbejiyar da muke fakewa a inuwarta daga Garwa har Marwa, wadda aka dasa da yawa tun shirin Sahel Vert na zamanin Ahmadu Ahijo a shekarun 1970, ita ma daga Indiya ta fito, yau kuwa wa zai kira ta baƙuwa? Ta zama tamu ne don ta jure bazara. Da wannan nake auna kowace shukar ado, kuma potos mai ɗigon ɗorawa ta ci jarrabawar in an ba ta inuwa mai haske. Sai dai ina mamakin yadda muke tsallake namu. Ƙariya, mai kumburarren gindi da jan fure, a dajinmu take tsirowa tsakanin duwatsu ba mai ba ta ruwa, masu lambu a Tailan sun ɗauke ta sun fitar da launuka iri-iri suna sayar wa duniya. Ita rana take so, wurinta tsakar gida, kuma ruwan jikinta dafi ne, a kula da yara. Moɗa kuwa, mai dogayen ganye tsaye masu zane, ta fi potos haƙuri da duhun ɗaki da mantuwar mai ita. Ba kasafai ake ɗaukarsu hoto ba, don ba a sha wahalar samunsu ba.

Abin da ya fi burge ni a potos, wanda yayin farin ganye ke neman ɓatawa, shi ne ba sai an saya ba. A jikin kowace gaɓa, daidai inda ganye ya fito, akwai ɗan ƙullutu mai ruwan ƙasa, saiwa ce ke jiran dama. A yanka reshe ƙasa da gaɓar kaɗan, a cire ganyen ƙasa, a tsoma gaɓar a ruwa, cikin mako biyu zuwa uku fararen saiwoyi sun fito. In sun kai tsawon yatsa a dasa uku ko huɗu a tukunya ɗaya don ta cika. Uwar ma datsewar gyara ce gare ta, sai ta ƙara tofo. Reshen da aka yanko a gidan maƙwabciya ya fi na mota daraja, domin uwarsa ta riga ta ga Afrilun garin nan ta rayu, kuma mai ita za ta gaya miki a wane lungu ta ajiye ta. Wadda duk da haka ranta ya biya da farar, ta zaɓi wadda korenta ya rinjayi farin, ta kuma haƙura da sayen Disamba, lokacin da kasuwar ke ci saboda bukukuwa amma hunturu da bazara ke gaba. Ta bari sai Yuni, ruwa ya zauna, shukar ta samu watanni huɗu ko biyar na danshi ta kafa saiwa kafin iskar arewa ta juyo.