Barkwanci Mai Ɗaci: Nazarin Jigo da Salo a Fim Ɗin Ingrid Goes West

1.0 Gabatarwa

Akwai barkwancin da ke sa mutum dariya ya wuce, akwai kuma wanda ke sa shi dariya sannan ya ji kunyar dariyar da ya yi. Na biyun shi ake kira barkwanci mai ɗaci a wannan takarda. Domin nuna wa ɗalibai yadda ake gina shi, an zaɓi fim ɗin Amurka mai suna Ingrid Goes West (2017). Matt Spicer ne ya ba da umarni, kuma shi da David Branson Smith suka rubuta labarin, wanda ya ci kyautar rubutun fim a bikin Sundance na wannan shekarar.

2.0 Taƙaitaccen Labari

Ingrid (Aubrey Plaza) budurwa ce marar ƙawa, wadda mahaifiyarta ta rasu ta bar mata gadon kimanin dala dubu 60. Fim ɗin ya fara da ita tana fesa wa wata amarya barkono a ido, don ba a gayyace ta biki ba, alhali sanin da ke tsakaninsu bai wuce na Instagram ba. Bayan an sallame ta daga asibitin masu taɓin hankali, sai ta ƙwallafa rai a kan Taylor (Elizabeth Olsen), wadda ake biya don ta tallata kaya a shafinta. Ta koma Los Angeles, ta kwaikwayi sutura da abincin Taylor, ta sace karenta sannan ta mayar, ta haka ta samu shiga gidan. Asirinta ya tonu ne da Nicky, ɗan'uwan Taylor, ya ɗauke mata waya.

3.0 Jigo

Babban jigon fim ɗin shi ne kaɗaici da neman karɓuwa a idon jama'a. Ƙaramin jigo kuwa shi ne ƙarya, kuma marubutan sun raba ta tsakanin taurarin biyu. Ingrid tana ƙaryar ƙawance, Taylor tana ƙaryar rayuwa. Misali, littafin Norman Mailer da Taylor ke cewa ya fi kowane burge ta, mijinta Ezra ya bayyana cewa nasa ne, ita ba ta ma karanta shi ba. Ashe kallon kitse Ingrid ke yi wa rogo. Bambancinsu kawai shi ne ɗaya ana biyanta, ɗaya kuma tana kashe gadon uwarta.

4.0 Salo

An yi amfani da muryar taurari suna karanta abin da suka rubuta a shafi, har da alamomin murmushi, cikin fara'a, yayin da fuskar Ingrid ke jiƙe da hawaye. Wannan saɓani tsakanin murya da hoto shi ne tushen dariyar, shi ne kuma tushen ɗacin. Gugar zana mafi kaifi tana ƙarshe. Ingrid ta ɗauki bidiyo ta faɗi gaskiyar halinta, ta yi yunƙurin kashe kanta, ta farka a asibiti ta tarar bidiyon ya bazu, dubban mutane suna yaba mata. Sai ta yi murmushi. Mai kallo ya san ba warkewa ta yi ba, cutar ce ta samu abinci.

5.0 Rauni

Sashen da aka sace Nicky ya karkatar da labarin zuwa fim ɗin ƴan daba, ya kuma sassauta zaren jigo. Haka nan an bar ciwon Ingrid ba bayani, har wani lokaci ya zama abin dariya kawai, wanda hakan ke iya sa mai kallo ya ce matsalar ta mahaukaciya ce, ba tasa ba.

6.0 Kammalawa

Duk da wannan rauni, fim ɗin ya yi nasarar juya zambo daga kan Ingrid zuwa kan jama'ar da ke ba ta lada. Ana so ɗalibai su kwatanta wannan dabara da ta maroƙin da ke yi wa mutum zambo a gaban taro, su kuma tantance wanda ake yi wa dariya a kowane hali.