Busby Berkeley da Tsarin Rawa a Sinimar Amurka

1.0 Gabatarwa

A cikin masu tsara rawa na zamanin finafinan waƙa da rawa a Amurka, da wuya a sami wanda manazarta suka yi saɓani a kansa kamar Busby Berkeley (1895-1976). Wasu na ganin shi ne ya fara fito da bambancin da ke tsakanin rawar dandali da rawar fim. Wasu kuwa cewa suke yi ai ba rawa ya tsara ba, fareti ne aka yi wa ado. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna waɗannan ra'ayoyi biyu da ayyukansa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Berkeley a birnin Los Angeles, mahaifiyarsa 'yar wasan kwaikwayo ce. Bai taɓa zama gaban wani gwani ya koyi rawa ba. Makarantarsa ita ce aikin soja, domin a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi hafsa a rundunar Amurka a Faransa, inda ya riƙa shirya wa sojoji fareti. Bayan yaƙi ya tsara raye-raye a gidajen wasa na Broadway, har zuwa 1930 sa'ad da Samuel Goldwyn ya kira shi Hollywood domin fim ɗin Whoopee! Tauraruwarsa ta haska ne a kamfanin Warner Brothers cikin 1933, shekarar da ya tsara raye-rayen finafinai uku: 42nd Street da Gold Diggers of 1933 da Footlight Parade. A 1935 ya yi haɗarin mota wanda ya ci rayuka, aka gurfanar da shi gaban shari'a, sai a zama na uku aka sallame shi. A 1939 ya koma kamfanin MGM, kuma shi ne ya ba da umarnin For Me and My Gal (1942), fim ɗin farko na Gene Kelly.

3.0 Salonsa

Kafin zuwansa, akan girke kyamara ne a gaban masu rawa, tamkar ɗan kallo a kujerarsa. Berkeley ya tashe ta daga wannan zama. Ya ɗora ta bisa ƙugiya ta leƙo daga sama, ya ja ta a ƙasa tsakanin sahun masu rawa, ya kuma matso da ita kusa da fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Idan aka hango 'yan mata masu yawa daga sama, sai a ga sun zama fure mai buɗewa yana rufewa, ko tauraro, ko da'ira cikin da'ira. Alal misali, a Footlight Parade cikin ruwa aka yi wannan zane da jikin masu ninƙaya, a Gold Diggers of 1935 kuwa fararen fiyano fiye da hamsin ne suka yi ta kewayawa, maza sanye da baƙaƙen kaya suna tura su daga ƙarƙashi. Watau dai abin da ke rawa a nan shi ne hoton kansa. Ko da yake labarin fim ɗin yakan nuna wai a dandali ake wasan, babu dandalin da zai ɗauki irin wannan tsari, babu kuma ɗan kallon dandali da zai gan shi.

4.0 Tarke

Masu suka suna da hujja. A yawancin ayyukansa mai rawa ba ta da suna, ba ta da hali, ba a kuma neman gwanintar ƙafarta. Abin da ake so gare ta shi ne ta tsaya daidai inda aka ajiye ta, ta yi murmushi. Wannan ya yi kama da abin da masanin nan na Jamus, Siegfried Kracauer, ya bayyana tun 1927 game da rawar taro, inda ya kwatanta ta da aikin ma'aikatan masana'anta. Bugu da ƙari, jikin mace ne kusan kullum ake mayarwa kayan ado. Hanyar Fred Astaire da abokin aikinsa Hermes Pan ta saɓa wa wannan, domin su sun fi son a nuna mai rawa tun daga kai har ƙafa, ba tare da yawan yanka hoto ba. A wurinsu kyamara baiwar mai rawa ce.

Amma fa wanda ya ce Berkeley bai san nauyin ɗan Adam ba, bai duba ƙarshen Gold Diggers of 1933 ba. A shekarar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba su da aikin yi, ya rufe fim ɗin da sahun sojoji masu tafiya yaƙi, sa'an nan suka dawo da raunuka, daga bisani suka koma layin karɓar abinci. Shekara guda ke nan da korar tsofaffin sojoji masu neman haƙƙinsu daga birnin Washington. A nan ɓacewar mutum cikin taro ita ce jigon kanta, sai salon da ake zarginsa da shi ya zama makamin nuna zalunci. Haka kuma a Gold Diggers of 1935, rawar taron ce ke matsa wa wata mace har ta faɗo daga bene ta mutu. Ashe ya san haɗarin da ke cikin abin da ya ƙware a kai.

5.0 Kammalawa

Sau uku aka tsayar da shi takarar kyautar Oscar ta tsara rawa, wadda aka bayar daga 1935 zuwa 1937, bai samu ba ko sau ɗaya. Duk da haka, a 1971 an sake ɗauko shi domin farfaɗo da wasan No, No, Nanette a Broadway, alamar sunansa bai gushe ba. Hukuncin da ya dace da shi shi ne a auna shi a matsayin mai tsara hoto. Idan da ma'aunin gwanintar ƙafa ne, to Astaire da Pan sun sha gabansa nesa. Idan kuwa ana maganar abin da fim kaɗai ke iya yi da motsin mutane masu yawa, to duk mai tsara rawar taro a gaban kyamara bayansa yana bin sawunsa ne, ko ya sani ko bai sani ba.