Karatun Bango a Birnin Zazzau

Ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, ana tsaka da sallar La'asar, wani sashe na Babban Masallacin Zazzau ya rufta a kan masallata. Aƙalla mutum bakwai suka riga mu gidan gaskiya, wasu da dama suka jikkata. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa tun ranar Alhamis aka ga tsaga a jikin bangon, ana shirin kawo injiniyoyi su duba, sai ƙaddara ta riga fata.

Masallacin aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu ne, a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim. Ginin tubali da azara ne ya tsaya kusan shekara 190, kuma hannun gwani kaɗai ba zai kai shi haka ba. Ginin ƙasa sai da dubiya duk shekara, magina kuwa sun gaji ilimin wannan dubiya kaka da kakanni: yadda ake gane bangon da zai kai baɗi da wanda ba zai ga ƙarshen damina ba.

Tsohon magini yakan fara ne daga sama. Zai hau rufi ya leƙa indararo, domin in ciyayi ko shara suka toshe shi, ruwa zai kwanta ya tsuma har ya kai ga azara. Zai lura da kaurin rufin, tunda yaɓen da ake ƙarawa shekara bayan shekara nauyi ne a kan itacen giginya da ya tsufa, wanda a baya ma aka ɗora masa iya ƙarfinsa. Daga nan sai ya sauko ya zagaya ta gabas, inda hadari yake tasowa ya doki bango da ruwa da iska. Nan makuba take fara zaizayewa. A gindin bango yakan sa babban yatsa ya danna; in ƙasar ta lotsa, ko ta yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, to laima ta hauro daga ƙasa. Yakan ƙwanƙwasa da bayan hannu ya kasa kunne, domin wurin da yaɓe ya rabu da tubali amonsa daban ne, holoƙo ne.

Tsaga ma iri-iri ce. Siririya wadda rani ya haifar, yaɓe ɗaya ya ishe ta. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya, wadda aka liƙe jiya aka wayi gari ta buɗe, ko wadda ta bi gindin bakan gizo inda nauyin rufi yake sauka. In bango ya yi ciki, ɓurɓushin ƙasa na zubowa kan tabarma, azara tana ƙara cikin dare, magini ba ya jiran shawara: a kwashe yara a fita. Kuma ya fi jin tsoron yayyafin kwana uku na watan Agusta a kan mamakon ruwan awa guda, saboda mamako gudu yake yi ya wuce, yayyafi kuwa shiga yake yi.

Siminti ya dagula wannan karatu. Da yawa a cikin ganuwa sun shafe tsohon ginin ƙasa da siminti don kyau da sauƙi. Ƙasa tana shan laima ta fitar, siminti kuwa ya kulle ta a ciki, sai bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali fuskarsa sumul.

Mutanen tsaunukan Alps suna fama da irin wannan haɗari na ɓoye, wato zaftarewar dusar ƙanƙara, inda wani ruɓi marar ƙarfi yake kwance ƙarƙashin mai nauyi. Su ma tsaga da ƙara suke saurare, musamman a gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45. Abin koyi a wurinsu shi ne tun 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni ɗaya mai hawa biyar, kuma cibiyar bincike ta Davos a Suwizalan tana fitar da sanarwa kullum a lokacin hunturu. Idan haɗarin ya yi sama, sai hukuma ta rufe hanya, ba a tsaya roƙon kowa ba.

Wannan mataki na rufewa ne ya yi ƙaranci a Zazzau. Masu ido suna nan, ko da yake suna raguwa, domin samari sun koma bulo da kwano. Wanda babu shi ne mai ikon cewa yau ba za a shiga nan ba, a kuma ji maganarsa. Sarautar Sarkin Magina tana da mutuncin da za ta iya ɗaukar wannan nauyi, Jami'ar Ahmadu Bello kuma da sashenta na tsara gine-gine tana nan Samaru, tafiyar mintoci. In suka haɗu a watan Afrilu, kafin ruwan farko, za su iya bin tsofaffin masallatai da zaurukan makarantun allo unguwa-unguwa, su ware wanda yaɓe ya isa, da wanda sai an sauya azara, da wanda dole a kulle har kaka.