Saƙon da ya tsaya a ƙugu: sharhi kan tsarin SIMPLE

A 2013 wasu masu bincike na Islamabad, ƙasar Pakistan, cikinsu har da Nadeem Javaid, sun fito da wani tsari da suka kira SIMPLE. Ga yadda yake: a manna wa majiyyaci ƴan ƙananan na'urori takwas a jiki, wata tana auna bugun zuciya, wata sukarin jini, a ɗaura masa babbarsu a ƙugu tana tattara bayanan. Matsalar ita ce batir. Aika saƙo ta iska ya fi awon kansa cin wuta, kuma iya nisa iya ci.

Dabararsu ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Na'urar da ke nesa ba ta wahalar da kanta, sai ta miƙa saƙonta ga wata ta kai mata, kamar yadda tsohuwa ke ba mai tafiya kasuwar Dungas sautu. Wa za a ba? Wadda ta fi kusa da ƙugu kuma ta fi sauran wuta. In an jima a sake zaɓe, don kada jaki ɗaya ya mutu da kaya. Na'urar zuciya da ta sukari kuwa kai tsaye suke aikawa, don maganarsu ba ta jira.

To amma ga inda na tsaya da su. Duk lissafin a kwamfuta aka yi shi, ba a jikin mai zazzaɓi ba, kuma a ƙugu ya ƙare. Daga nan an ɗauka akwai salula mai caji, akwai rezo, akwai likita a zaune yana jira. A ƙauyukan Dogo-Dogo fa? Salula sai an kai ta wurin mai sola an biya. Rezo wani lokaci sai an hau tudu. Ko birane ma, mun ga yadda suka kwana cikin duhu da Najeriya ta yanke wa Nijar kuran a watan Agustan 2023. An yi tattalin allura, an bar garma a daji.

Ku kwatanta da ɗan zaren awon damtse. Ba batir, ba rezo. In ya nuna ja, ƙasa da milimita 115, yaro yana cikin haɗarin tamowa. A Mirya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata yin awon da kansu, kuma sun iya. Sai dai ko shi, saƙon da ƙafar uwa yake tafiya, ko amalanke, ko kabu-kabu, wani lokaci har asibitin yara na Magarya, cikin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje.

Don haka wanda zai ɗauki wannan fanni a aikinsa na ƙarshen karatu, kada ya kwafo zanen ya sake wa tsarin suna kawai. Ya fara ƙidaya daga ƙugu zuwa likita. Na'urar ta iya ajiye bayani har a samu rezo. Ta yi shiru in lafiya lau, ta aika gajeren saƙo in akwai haɗari. Kuɗin caji ma ya shiga lissafi, domin daga aljihun uban yaron zai fito.