Murya a Matsayin Matani: Nazari a Kan Agnes Moorehead da Wasan Kwaikwayon Rediyo

1.0 Gabatarwa

Manazarta wasan kwaikwayo sun saba, idan sun zo kan wasan rediyo, su ɗauko rubutaccen wasan su baje a kan tebur, su fitar da jigo su warware shi, su dubi zubi da tsari, sannan a ƙarshe su lissafa 'yan wasa kamar 'yan rakiyar amarya. Wannan hanya ta dace da wasan da aka rubuta domin karatu. Shi kuwa wasan rediyo kunne aka yi wa shi, kuma abin da ke shiga kunnen mai sauraro muryar wani mutum ce takamaimai, da numfashinsa, da wuraren da ya yi shiru. Wannan maƙala za ta dubi rayuwa da aikin wata 'yar wasa Ba'amurkiya, Agnes Moorehead (1900-1974), wadda ta yi tashe a zamanin da akwatin rediyo ke riƙe da hirar dare a gidajen Amurka. Za a fi tsayawa a kan wasa guda na rabin sa'a, domin a nuna cewa akwai ma'anar da ba ta cikin takardar marubuci, sai a bakin wanda ya furta ta.

2.0 Taƙaitaccen tarihinta

An haifi Agnes Moorehead ranar 6 ga Disamba, 1900, a garin Clinton na jihar Massachusetts. Mahaifinta limamin coci ne, ta kuma yi ƙuruciyarta a birnin St. Louis. Ta karanta ilimin halittu a Kwalejin Muskingum da ke Ohio, ta gama a 1923, ta yi koyarwa na wasu shekaru a wata makarantar ƙauye a Wisconsin. Daga baya ta tafi Niyok ta shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo, ta fito a 1929, wato shekarar da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Aikin dandamali ya yi wuya, sai ta faɗa rediyo.

A nan ta sami abin da ya dace da baiwarta. A shirin The March of Time, wanda ke mayar da labaran mako zuwa wasa, takan kwaikwayi muryoyin sanannun mata, cikinsu har da Eleanor Roosevelt, matar shugaban ƙasa. Daga 1937 ta fito a matsayin Margo Lane a shirin The Shadow tare da Orson Welles, ta kuma shiga ƙungiyarsa ta Mercury, inda ta fito a matsayin Mina a wasan Dracula na rediyo a 1938. Welles ne ya kai ta silima. A fim ɗin Citizen Kane na 1941 ita ce uwar da ta sa hannu a takarda ta miƙa ɗanta ga ma'aikacin banki. Fitowar 'yan mintoci ce, kuma ta yi ta da murya a daskare, ba kuka ba rawar baki. Sau huɗu ana sa sunanta a takarar kambun Oscar tsakanin fim ɗin The Magnificent Ambersons na 1942 da na Hush...Hush, Sweet Charlotte na 1964, ba ta taɓa ci ba.

3.0 Wasan Sorry, Wrong Number

Lucille Fletcher ce ta rubuta wasan, gidan rediyon CBS ya watsa shi a cikin shirin Suspense ranar 25 ga Mayu, 1943. Ma'anar sunan ita ce haƙurin da ake ba wanda ya kira lambar da ba ita ba. Tauraruwar wasan, matar wani Stevenson, majinyaciya ce da ta shekara 12 a kwance. Tana gida ita kaɗai da dare, tana ta neman ofishin mijinta a tarho, sai layi ya sarƙe, ta ji wasu maza biyu suna tsara yadda za a kashe wata mata da ƙarfe 11:15, daidai lokacin da jirgin ƙasa zai haye gada, domin ƙararsa ta danne ihu. Sai ta shiga kiran ma'aikatan haɗa waya, da shugabarsu, da ofishin 'yan sanda, da asibiti. Kowa ya amsa mata da ladabin aiki, ba wanda ya taɓuka komai. Ana cikin haka saƙon tangaraho ya iso daga mijin cewa tafiya ta kama shi zuwa Boston. Daga ƙarshe ta ji an ɗaga ɗaya kan tarhon da ke ƙasan bene.

Idan aka auna rubutun shi kaɗai, yana da rauni a fili. Mai sauraro mai lura yakan gane tun daga mintocin farko cewa ita ce matar da za a kashe, domin gadar da jirgin da titin da aka ambata duk na unguwarta ne. Ke nan babu wani sirri da ake jiran a tona. Tambayar da ta kamata manazarci ya yi ita ce: me ya riƙe mutane har aka watsa wasan da ita sau takwas a wannan shiri, daga 1943 zuwa 1960?

4.0 Abin da murya ta ƙara

A ganina amsar tana cikin wata shawara da Moorehead ta yanke, wato ta ƙi neman tausayin mai sauraro. Wata 'yar wasan da an ba ta mace marar lafiya, a kaɗaice, sai ta sassauta murya ta sa mata raunin da zai sa a so ta tun daga kalmar farko. Moorehead ta ba ta muryar mace mai iko, mai mita, wadda ta saba a yi mata hidima. Tana yi wa ma'aikaciyar waya magana kamar baranyarta, tana katse mutane, tana jaddada matsayinta da cutarta a duk kiran da ta yi. Hasali ma damuwar da take nunawa da farko kan matar da za a kashe ba ta wuce ta mai son a san cewa ita mutuniyar kirki ce ba.

Sakamakon haka shi ne mai sauraro yakan tsinci kansa a ɓangaren ma'aikatan. Yakan ƙosa da ita kamar yadda sajan ɗin 'yan sanda ya ƙosa. Na gwada wannan a aji, a nan inda aiki ya kawo ni nesa da gida, inda akasarin ɗalibaina Hausa ba harshensu na farko ba ne, Ingilishin Amurka na 1943 kuwa baƙo ne a kunnenmu gaba ɗaya. Na sa musu tsohuwar ɗaukar wasan, na hana su takarda. A kashin farko dariya suke yi mata, wata ɗaliba har ta ce tana da goggo irinta sak. Bayan saƙon tangaraho ajin ya yi tsit. Da aka gama, abin da suka fi tattaunawa shi ne dariyar da suka yi da farko, ba kisan ba. Wasan ya sa su cikin jerin waɗanda suka ji kiran suka yi biris, kuma wannan laifi da mai sauraro ke ji a ransa muryar ce ta gina shi.

Dabarar tana da matakai da kunne ke iya bi. Da farko jimlolinta cikakku ne, masu doguwar gabatarwa. Sannu a hankali suna gajarcewa, numfashi yana shigowa tsakiyar kalma. Ƙarar juya lambar tarho, wadda da farko take tafiya a natse, takan koma gaggawa, har ta zama tamkar abokiyar wasanta. Inda ta fi gwaninta shi ne bayan ta ji motsi a ƙasan bene: maimakon ta ƙara ɗaga murya, sai ta koma raɗa, tana roƙon ma'aikaciyar da ɗazu take yi wa tsawa. Wanda ya taso yana jin tatsuniya a duhu ya san wannan. Gwanar mai tatsuniya ba ta yin ihu idan Dodo ya iso bakin ƙofa, rage murya take yi har yara su matso.

Ba zan ce aikin ba shi da aibu ba. A tsakiyar wasan akwai wuraren da ta hau sama da wuri, har kunne ya gaji kafin a zo inda ake bukatar firgicin. Amma ko wannan gajiyar tana yi wa jigon aiki, domin ita ce ke sa a so a ajiye mata waya.

An ruwaito cewa Welles ya yabi wasan a matsayin rubutun rediyo mafi girma. Yabon ya tafi ga takarda, kamar yadda muka saba. Mu ma a nazarin Hausa haka muke yi: wasan da ya fita daga rediyo ya zama littafi, irin Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, shi ne ke shiga manhaja, muryoyin da suka raya wasannin Rediyon Kaduna kuwa, musamman na mata, ba kasafai ake ba su ko da babi guda a kundin digiri ba.

5.0 Bayan rediyo

Da aka mayar da wasan fim a 1948, Barbara Stanwyck aka ba matsayin, aka kuma cika labarin da waiwaye domin a bayyana dalilin mijin. Fim ɗin ya karɓu, sai dai da zarar kyamara ta fita daga ɗakin, ƙuncin da ke shaƙe mai sauraro ya sami taga. Shirin Suspense ya rufe ranar 30 ga Satumba, 1962, ranar da ake yawan ɗauka a matsayin ƙarshen wancan zamani na rediyo. Daga 1964 zuwa 1972 Moorehead ta fito a talabijin a matsayin Endora, suruka mai tsafi a shirin barkwanci na Bewitched, kuma da wannan ne akasarin mutane suka san ta har ta rasu da ciwon daji ranar 30 ga Afrilu, 1974.

Akwai wata fitowa da ta cancanci a ajiye ta kusa da wasan 1943. A 1961, a shirin talabijin na The Twilight Zone, an ba ta wani kashi mai suna The Invaders: mace ita kaɗai a gidan gona da dare, wasu ƙananan halittu sun sauko mata a kan rufi. Yanayin ɗaya ne da na matar Stevenson, illa dai a wannan karon ba a rubuta mata kalma ko ɗaya ba. Da nishi da haki da gurnani ta ɗauki wasan tun daga farko har zuwa inda ta hau rufin da gatari ta farfasa jirginsu.