Gyaran kwatance a jagorar OECD: inda gyaran ya fi abin da ake gyarawa

Idan kamfanin ƙasa da ƙasa ya sayar wa reshensa na Legas kaya, babu tayi babu albarka, domin 'yan gida ɗaya ne. Uwar kamfani na iya tsauwala farashi, ribar reshe ta ragu, harajin Najeriya ya ragu da ita. Maganin da jagorar OECD ta bayar, wadda aka sabunta a 2022, shi ne a nemo kamfanoni masu zaman kansu da ke irin wannan sana'a, a auna ribar reshen da tasu. Da yake ba a samun biyu da suka yi daidai sak, babi na uku ya yarda a yi gyara domin cire bambanci.

Misalin da jagorar ta warware dalla-dalla shi ne na jarin juyawa, kuma ya yi ma'ana. Mai ba da kaya bashi yana cusa kuɗin jiransa cikin farashi, kowane ɗan kasuwa ya san haka. Sai a ƙirga bambancin kwanakin bashi, a yi lissafinsa da kuɗin ruwa, a daidaita ribar.

To amma kuɗin ruwan wa? A ce reshen Legas na jiran kuɗinsa kwana 90, kamfanin kwatance kuma kwana 30. A ƙarshen 2024 ma'aunin Babban Bankin Turai kashi 3 ne cikin ɗari, na Babban Bankin Najeriya kuwa 27.5. Da na Turai, kwana 60 ɗin nan kusan sulai biyar ne, wato kobo 50, a kowace naira 100 ta ciniki. Da na Najeriya, wanda shi ne ya dace tunda a nan reshen yake, sun kai naira 4 da rabi. Idan ribar da ake aunawa naira 3 ce, ka ga gyaran ya haɗiye ta. Jagorar da kanta ta ce yawan gyara ko girmansa alama ce cewa kwatancen bai dace ba tun farko. Gaskiya ne, sai dai ba ta faɗa wa jami'in haraji abin da zai yi ba idan duk abin da ke rumbun bayanansa kamfanonin Turai ne da na Asiya.

Nan ne raunin yake a ganina. Faɗuwar darajar naira, kuɗin dizal da jinkirin tashar jiragen ruwa ba su da tsayayyen lissafi irin na kwanakin bashi. Kamfani zai ce su suka cinye ribarsa, hukuma ta ce mai ɗaukar kasada babba ai riba babba yake nema. Hujja ɗaya, kowa na jan ta gefensa, kuma kamfani ne ke riƙe da takardun.

Shi ya sa ban ga laifin FIRS ba da ta kauce wa kwatance a wani wurin. Dokokinta na 2018 sun ƙayyade abin da za a cire na kuɗin amfani da suna ko fasahar uwar kamfani: kada ya wuce kashi 5 na riba kafin cire kuɗin ruwa, haraji da tsufan kadara. Ma'auni ne mai kaushi, zai kuma cuci wasu kamfanonin. Ita ma OECD a Fabrairun 2024 ta fitar da Amount B, jadawalin riba na masu rarraba kaya, har da ƙari ga ƙasashen da darajar bashinsu ta yi ƙasa.